Wa Zai Biya Kuɗin Binciken Ƙasarmu, Ruwanmu Da Tsironmu?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa malamin kimiyyar halittu ya gabatar wa 'yan'uwa matasa ɗalibai a wani zama na ƙara wa juna sani. Mun rubuto shi kamar yadda aka naɗa, tare da 'yan gyare-gyare saboda tsawo. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa da sahabbansa.

'Yan'uwa, abin da aka ce in yi magana a kai shi ne kuɗin da hukuma ke kashewa, ko kuma take ƙin kashewa, wajen binciken halittu da muhalli. Wato binciken tsiro da dabba da ƙwaro da ƙwayoyin cuta, da binciken ƙasar da muke nomawa da ruwan da muke sha. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwanmu da wannan, ai maganar 'yan boko ce masu fararen riguna a ɗakin gwaje-gwaje. To, ina so kafin mu tashi daga wurin nan kowa ya gane cewa maganar tuwon da zai ci yau da dare ce, kuma maganar ran ƙaninsa ce da ke wasa a tsakar gida.

Abin da zan tsaya a kai guda ɗaya ne. Irin wannan bincike nauyi ne da ke kan baitulmalin jama'a, babu mai iya ɗaukarsa sai shi, kuma duk lokacin da aka sauke shi talaka ne ke biya, ya biya da gonarsa, ko da garkensa, ko da 'ya'yansa. Zan kawo misalai daga nan ƙasarmu, abubuwan da iyayenku suka gani da idonsu, wasu ma ku da kanku kun riske su.

DARASIN BUSHIYA

Bari mu fara da shanu. Akwai wata cutar shanu da ake kira bushiya. Wajen shekarar 1890 ta ratso Afirka ta iso ƙasashenmu, ta kashe shanu har a wasu wuraren tara cikin goma suka mutu. Bafulatanin da ya kwana da garke ya wayi gari da sanda kawai a hannu. Saboda wannan cutar ne aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom ta ƙasar Filato a 1924, cibiyar da har yanzu tana nan tana yin alluran rigakafi.

Daga baya masu bincike suka samo allura mai kyau, wadda in aka yi wa saniya sau ɗaya ta tsira har ƙarshen rayuwarta. A 1961 aka yi taro a Kano aka shirya gangami, a 1962 aka fara shi a ƙasashen yankin tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Aka zuba kuɗi, aka sayi motoci, ma'aikata suka bi ruga-ruga suna yi wa shanu allura suna huda musu kunne don shaida. Cutar ta ja baya har aka kusan mantawa da ita.

To, sai me ya faru? Da gangamin ya ƙare, sharaɗin da aka bar wa kowace ƙasa shi ne ta ci gaba da yi wa maruƙan da ake haifa allura kowace shekara, ta kuma ci gaba da sa ido tana ɗibar jini tana gwadawa. Wannan aiki ne wanda babu biki a cikinsa, babu yanka kyalle, babu ɗaukar hoto. Sai aka yi sakaci da shi. Aka tara sabon garke wanda bai taɓa ganin allura ba. A farkon shekarun 1980 cutar ta dawo, a 1983 ta yi ɓarna mai muni a Arewa, dubban ɗaruruwan shanu suka halaka. Kuɗin da aka ƙi kashewa a kan allura da gwajin jini bai kai ko kusa da abin da makiyaya suka yi asara ba.

Amma ku dubi ƙarshen labarin. Da aka sake tashi tsaye, aka ci gaba da bincike da sa ido ba ƙaƙƙautawa, a 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga doron duniya baki ɗaya. Ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa, bayan agana. Kun ga ke nan, cuta ɗaya ce, mutane ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce. Da aka riƙe aikin ta tafi, da aka saki ta dawo, da aka sake riƙewa ta tafi har abada.

DALAR GYAƊA DA KUTURTA

Daga shanu mu koma gona. Kowa a cikinku ya ji labarin dalar gyaɗa ta Kano, ko ya ga hotonta. In an tambayi dalilin ɓacewarta sai a ce man fetur ne ya sa aka watsar da noma, kuma akwai gaskiya a ciki, ga kuma farin da aka yi a 1972 zuwa 1974. Amma akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta afka wa Arewa. Ƙwayar cuta ce da wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan ganye suke ɗauka daga wannan tushe zuwa wancan, sai gyaɗar ta tsugune, ganyenta ya murɗe ya yi rawaya, ta ƙi yin 'ya'ya. A wannan shekara kaɗai an ƙiyasta ta lalata gonaki kimanin hekta 700,000, asarar da ta kai wajen dala miliyan 250 a kuɗin wancan lokacin. Manoma da yawa suka bar gyaɗa suka koma wake da hatsi.

Mene ne maganin? Maganin shi ne irin da cutar ba ta kamawa. Kuma tun shekarun 1950 an san akwai irin wannan gyaɗa, an same ta a hannun manoman iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa. Sai dai tana daɗewa kafin ta nuna, daminar Kano da Katsina kuwa gajera ce. Don haka dole mai bincike ya ɗauki wannan mai jure cuta ya aurar da ita ga wata mai nuna da wuri, ya shuka 'ya'yan, ya zaɓi na kirki, ya sake shukawa, ya sake zaɓa, damina bayan damina, sannan ya kai gonakin manoma a wurare daban-daban ya gwada. Fitar da iri guda kan ci shekara goma, wani lokaci fiye. Haka cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, tare da abokan aikinta, ta yi ta fama har ta fitar da nau'o'i masu nuna da wuri kuma masu jure kuturta, irin su SAMNUT 24 da aka saki a 2011.

Yanzu ina tambayarku, wane ɗan kasuwa ne zai zuba jarinsa ya jira shekara goma, alhali ya san ranar da irin ya fita manomi zai saya mudu ɗaya, baɗi ya ajiye nasa, ya kuma ba maƙwabcinsa? Babu. Kuma ba laifinsa ba ne, haka kasuwa take. Abin da amfaninsa ke zuwa a hankali, kuma in ya zo kowa ya samu, ba a iya rufe shi a shago a sayar, to wannan aikin baitulmali ne, kamar hanya da gada da rijiyar gari.

Akwai wasu filaye a Samaru da aka fara gwaji a kansu tun 1950, wannan a sa masa takin gida, wancan takin zamani, wancan a haɗa, wancan a bar shi haka, domin a ga abin da ke faruwa da ƙasa bayan shekaru masu yawa. A Ingila akwai irin wannan gwaji a Rothamsted da aka fara tun 1843 kuma ba a daina ba. Wanda ya fara ya mutu, wanda ya gaje shi ya mutu, aikin na tafiya. Irin wannan aiki in kuɗinsa ya yanke na shekara uku, ba a iya saye waɗannan shekaru uku a dawo da su ko da nawa ne.

Ku lura da wani abu kuma. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa Samaru a 1922, kuma ba don ƙaunar Bahaushe suka yi ba. Masana'antunsu na buƙatar auduga da gyaɗa, shi ya sa suka fi ba waɗannan ƙarfi a kan gero da dawar da muke ci. Amma sun san abu ɗaya, wanda yake son ya kwashi amfanin ƙasa dole ya san ƙasar. Har wani kaso na ribar hukumomin sayen amfanin gona ake warewa domin bincike. To, in wanda ya zo kwasa ya san darajar bincike, mai ƙasar da zai zauna a cikinta shi da jikokinsa fa?

AGWAGIN DA SUKA ƁACE A ZAMFARA

Misali na uku shi ne mafi ciwo. A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Yaro zai fara amai, ya yi ta jijjiga, ya suma, ya cika. Aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da suka je aikin sa ido kan sanƙarau su ne suka ga ƙananan kaburbura sun yi yawa, suka ɗebi jinin wasu yara. Kun san inda aka kai jinin nan? Jamus aka kai shi. Can aka gano gubar dalma ce.

Abin da ya faru shi ne, farashin zinare ya tashi, mutane suna haƙo duwatsu suna kawowa cikin gida suna dakawa da niƙawa, duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida, yaro mai rarrafe ya taɓa ƙasa ya sa hannu a baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta gyaruwa. Mutanen ƙauyukan sun faɗa wa masu bincike cewa tun kafin yara su fara mutuwa sun ga agwaginsu sun ƙare. Alama ta zo, babu wanda aikinsa ne ya karanta ta.

Mutanen nan ba su yi laifi ba don sun nemi abinci. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ɗebi dutsen da ƙasar ya gwada ya ce musu kada ku kai wannan inda yara suke. Gwajin nan ba abu ne mai wuya ba, akwai na'urar da ake riƙewa a hannu a ɗora a ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke ciki nan take. Bayan an gano ma, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin a iya yi wa yara magani, domin in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi cikin gubar aikin banza ka yi. A garin Bagega, kuɗin wannan aikin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari a 2012 ba a sake su ba sai farkon 2013, bayan an yi ta kururuwa, yara suna jira da guba a jiki. Kuma a 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

ABIN DA AKE GANI TUN DAGA NESA

Wani bala'in ma yana sanar da zuwansa shekaru kafin ya iso. Tsutsar tumatir da manoman Kano suke kira sharon asalinta daga Kudancin Amurka take. A 2006 aka gan ta a Sifen. Daga nan ta bi ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, ta shigo Afirka ta Arewa, tana gangarowa ƙasa bayan ƙasa, masana na rubutawa a mujallunsu. Kusan shekara goma tana tafe. A 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, farashin kwando ya ninka sau da yawa. Manomi ya yi ta feshi ba ta mutuwa, saboda tsutsar cikin ganye take shiga ta ɓuya, ga shi kuma ta saba da magunguna da dama. Da akwai 'yan mutane ƙalilan da ake biya su kafa tarko a kan iyaka da gonakin rani suna dubawa, suna gwada maganin da ke ci da wanda ba ya ci, da manomi ya san abin yi kafin ta iso.

Haka batun ruwa. Tafkin Chadi a 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. A shekarun 1970 aka zuba maƙudan kuɗi aka gina babban aikin noman rani a kudancin tafkin, wajen Marte a jihar Borno, da manyan injinan jan ruwa da magudanai, bisa lissafin shekarun da ruwa ke cike. Tafkin ya janye, a tsakiyar shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da, ya bar magudanai a bushe. Kuɗin siminti da ƙarfe an same su. Abin da aka raina shi ne sanin halin tafkin, yadda yake cika ya janye a tsawon zamani.

INA KUƊIN SUKE?

To, wani zai ce ƙasa ce matalauciya, ina za a samu kuɗin? Bari mu duba. A 1980 shugabannin Afirka suka taru a Legas suka amince kowace ƙasa ta riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara a kan bincike. A 2006 aka sake jaddada wannan a Khartum. A duk alƙaluman da aka fitar, Nijeriya ba ta kai ko rabin wannan kashi ɗayan ba. Koriya ta Kudu kuwa, wadda ba ta da rijiyar mai, tana kashe fiye da kashi 4.

Akwai asusun tallafa wa manyan makarantu da ake kira TETFund, wanda asalinsa dokar 1993 ce da ta biyo bayan yajin aikin malaman jami'a, aka ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A ƙarƙashinsa akwai asusun bincike na ƙasa, wanda aka ba shi Naira biliyan 5 a 2019, aka ƙara zuwa biliyan 7.5 a 2020. Wannan ci gaba ne, kuma adalci ne a faɗa. Amma ku sani kuɗin nan na duk fannonin ilimi ne, a duk manyan makarantun gwamnati na ƙasar. A kasafin shekarar 2020 kuma, Naira biliyan 37 aka fara warewa domin gyaran ginin majalisar tarayya kaɗai, kafin a rage daga baya. Gini ɗaya ya kusan ninka asusun bincike na ƙasa baki ɗaya sau biyar. Ashe ba rashin kuɗi ba ne, abin da aka fifita ne.

Sannan ko ɗan abin da ake ba cibiyoyin bincike, mafi yawansa albashi ne. Sai ka ga masani yana da digiri uku, an biya shi albashi, amma babu man da zai sa a mota ya je gona, babu sinadarin gwaji, babu wutar da za ta riƙe firjin da aka ajiye samfura. Kamar ka ɗauki maƙeri aiki ne ka hana shi gawayi. In kuma kuɗin aikin suka fito, sai su fito bayan damina ta wuce, alhali gero ba ya jiran sa hannun akanta. Mai haƙuri ya zauna yana tsufa, marar haƙuri ya tattara takardunsa ya tafi ƙasar da za a ba shi kayan aiki.

Ku kwatanta da Burazil. A 1973 ta kafa hukumar binciken aikin gona da ake kira Embrapa, a lokacin tana sayo abinci daga waje. Ta tura ɗaruruwan matasa karatu mai zurfi, suka dawo ta ba su wurin aiki. Tana da wani makeken daji mai kama da namu, ƙasarsa mai tsami ce da ake cewa ba ta nomuwa. Masu bincikensu suka gano yadda za a gyara ta da farar ƙasa, suka fitar da waken suya mai jure zafi, suka yi aiki a kan wasu ƙwayoyin halitta da ke zama a saiwa suna jawo wa tsiro taki daga iska. Cikin shekaru talatin ƙasar ta shiga sahun manyan masu sayar wa duniya abinci. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, ba a rufe hukumar ba.

WANDA YA BIYA SHI KE ZAƁEN TAMBAYA

Da muka ƙi biya, wa ke biya? Baƙi. Bincike mai yawa da ake yi a cibiyoyinmu da kuɗin ƙasashen waje da gidauniyoyinsu ake yi. Ba na cewa duk sharri ne, an samu alheri a ciki. Amma akwai illa biyu. Ta farko, mai kuɗi shi ke zaɓen abin da za a bincika, in abin da ke damun manomin Gumel bai dame shi ba, to ba za a duba ba. Ta biyu, ranar da ya ga dama zai rufe jakarsa. Mun gani a 2025, da sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje ta kuma rushe hukumar USAID, ayyukan binciken noma da dama da suka shafi Afirka suka tsaya cak a tsakiyar hanya. Kwaɗon da ya dogara da ruwan wani, ranar da aka kwashe ruwan ya san matsayinsa.

Akwai kuma batun zargi. A 2019 aka saki wani irin wake daga Samaru, SAMPEA 20-T, wanda aka sa masa wani ɓangaren halitta daga wata ƙwayar bakteriya domin ya kashe tsutsar da ke huda furensa da kwansonsa. Wasu sun yi murna saboda an rage feshi, wasu sun ce ba su yarda da irin da aka sauya wa halitta ba. Ba zan yanke muku hukunci a nan ba. Abin da nake cewa shi ne, ko kana goyon baya ko kana adawa, da me za ka kafa hujja in ba ka da ɗakin gwajinka, da masananka, waɗanda kuɗin jama'arka ke biyansu? Al'ummar da ba ta iya gwada abu da kanta, ko dai ta karɓi duk abin da aka miƙo mata ido rufe, ko ta ƙi komai saboda tsoro har da mai amfaninta. Duka biyun rauni ne.

NAUYIN DA KE KANKU

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan. Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci da lissafi, da sana'o'i irin su noma, cikin farillan da in wasu suka ɗauka sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kuwa duk gari ya yi laifi. Kuma masu mulkin da suka san ciwon kansu sun ɗauki nauyin masu irin wannan ilimi. Ibnul Baiɗar, mutumin Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya yi yawo ƙasa-ƙasa yana tattara tsirrai, Sarkin Misra Al-Kamil ya naɗa shi shugaban masana tsirrai, ya bar littafin da ya yi bayanin magunguna da tsirrai kimanin 1,400. A nan gida ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Saboda haka kada wani ya ce muku duba ƙwaro a madubin likita baƙon abu ne a wurinmu.

Me ya rage gare ku? Na farko, ku yi karatun. Wanda Allah ya ba shi kai a lissafi da kimiyyar sinadarai da ta halittu, kada ya raina fannin ƙasa ko na ƙwari ko na ruwa don ya ji ba a kiran mai shi da babban suna. Kowa so yake ya zama likita ko lauya, to wa zai gaya mana abin da ke cikin rijiyarmu? Ko an saki kuɗi gobe, in babu waɗanda suka iya aikin a cikinmu, wasu za a ɗauko.

Na biyu, ku iya tambaya. Kasafin kuɗin tarayya da na jihohi ana buga su, wanda ke da waya a hannu yana iya dubawa. In ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, maimakon a tambaye shi babur ko buhun shinkafa, a tambaye shi nawa aka ware wa Samaru da Vom da cibiyar binciken tafkin Chadi da ke Maiduguri, nawa aka saki a ciki, kuma a wane wata aka saki. A tambaye shi ko akwai ɗakin gwaji a jiharsa da zai iya auna dalma a jinin yaro ko a ruwan rijiya. In ya kasa amsawa yau, in ya ji tambayar a gari goma zai je ya nemo amsa.

Na uku, su ma masu binciken a tambaye su. Kuɗin jama'a amana ne a hannun minista, amana ne kuma a hannun farfesa. Wanda aka ba kuɗin bincike ya sayi mota da su ya ci amana. Wanda kuma ya yi binciken ya rubuta da Turanci ya ajiye a kanta don a ƙara masa girma, manomi bai taɓa ji ba, bai gama aikinsa ba. A fito da sakamako da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a faɗa a rediyo, a kai wa malaman gona.

Na huɗu, ku zama idon garuruwanku. Bincike da lura yake farawa. Ɗalibin da ya ajiye littafi yana rubuta ranar da aka yi ruwan shuka a ƙauyensu kowace shekara, da zurfin ruwan rijiya a watan bazara, da sabon ƙwaron da ya gani a gona, ya riga ya fara aikin. In kun ga kaji ko agwagi ko kifi suna mutuwa ba dalili, ko yara suna kamuwa da ciwo iri ɗaya a unguwa ɗaya, kada ku tsaya a kan cewa iska ce. Ku rubuta rana da wuri da adadi, ku kai asibiti da ofishin dabbobi, ku yi ta komawa har a zo a duba.

'Yan'uwa, ƙaddara gaskiya ce, kuma babu mai ja da ita. Amma wanda aka damƙa wa dukiyar jama'a, ya ga alamar cuta tana tafe ya ƙi sayen abin gwaji, ba zai fake da ƙaddara ba ranar da za a tambaye shi. Mu ma da muka yi shiru muka ƙi tambaya, muka kuma ƙi koyo, muna da namu kason.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa a kan dukiyar jama'a, ya jiƙan yaran da suka rasu a Zamfara da Neja, ya ba iyayensu haƙuri. Nan zan dakata.